Horon tausaya wa kai ta intanet ga masu in'ina: magani ne ko lallashi?

Mai_Shiru
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan, yau ne dai na fara sa baki. Shekarata 34, kuma tun da na buɗe baki na fara magana nake in'ina. Tawa ba ta maimaita harafi ba ce sosai, ta maƙalewa ce: kalma ta zo maƙogwaro ta tsaya cak, baki a buɗe, iska ba ta fita, mutum na kallona ina kallonsa.

Ƙanwata ce ta turo mini bayanin wani horo da ake yi ta intanet, wai na manya masu in'ina, ana koya musu tausaya wa kansu. Na karanta har ƙarshe ina neman inda za a ce ga yadda harshe zai saki, ban gani ba. Gajerun bidiyo ne, da rubuce-rubuce, da zama shiru kana lura da numfashinka. To ni tambayata, mutumin da matsalarsa a harshe take, me tausayin kai zai ƙara masa? Akwai wanda ya taɓa yi? Kada in ɓata makonni a banza.

Gaskiya_Ɗaci
Wa alaikumus salam. Lallashi ne, malam. An kasa gyara maka mota, sai a ce ka koyi son tafiyar ƙasa.

Ummu_Haidar
Haba Gaskiya_Ɗaci, ka bari mutum ya ji daga waɗanda suka gwada mana.

Ɗan uwa Mai_Shiru, ni na yi irinsa bara, na mako takwas. Tun farko in gaya maka: in'inata tana nan yadda take, ko ɗazu sai da na maƙale a waya. Abin da ya canza shi ne abin da ke biyo bayan maƙalewar. Da can, in na sarƙe na daƙiƙa biyar a gaban mutane, sai in kwashe kwana biyu ina biya abin a raina. In kwanta ina gani, in tashi ina gani. Maƙalewar daƙiƙa biyar ce, hukuncin da nake yanke wa kaina na kwana biyu ne.

A mako na biyu aka ce mu rubuta ainihin kalmomin da muke faɗa wa kanmu bayan mun yi in'ina, kada mu gyara ko ɗaya. Na rubuta: "Sakarya, ko sunanki ba ki iya faɗa ba. Kin ba da kunya. Wa zai ɗauke ki da muhimmanci?" Sai aka ce mu sa sunan aminiyarmu a farkon layin mu sake karantawa da ƙarfi, kamar ita muke gaya wa. Wallahi ban iya ƙarasa layi na biyu ba. Na ajiye biro na zauna ina kallon takardar. Shekara talatin ina yi wa kaina maganar da ba zan iya yi wa maƙiyina ba, kuma ban taɓa jin ta a matsayin zagi ba, gani nake gaskiya ce kawai nake faɗa.

Bintalo
Ummu_Haidar, kamar kin shiga zuciyata. Ni nawa "kin ga irinta ko" ne. Kullum.

Malam_Nazari
Bari in ɗan sa bayani, domin na ga tambayar ta haɗa abubuwa biyu.

Na farko, ita in'inar. Kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da ita a ko'ina a duniya, kuma a cikin manya maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Yawanci tana farawa ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Yara da yawa suna yi su bari, amma wanda ta bi shi har ya girma, da wuya ta rabu da shi gaba ɗaya. Ba tsoro ne ke haifar da ita ba, ba kuma rashin tarbiyya ba. Tana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana, kuma tana bin jini. A 2010 Dennis Drayna da abokan aikinsa a Amurka suka gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita, bayan sun bibiyi iyalai a Pakistan. Tsoro yana ƙara mata ƙarfi, amma ba shi ne uwarta ba.

Na biyu, shi tausayin kai. Wadda ta fi shahara da bincike a kansa ita ce Kristin Neff ta Jami'ar Texas da ke Austin. A 2003 ta fitar da ma'auni mai tambayoyi 26 na auna shi, ta kuma ce ƙafa uku yake tsaye a kai. Ka yi wa kanka magana da taushi maimakon tsangwama. Ka tuna wahala da gazawa rabon kowane ɗan Adam ne, ba kai kaɗai aka ware ba. Sannan ka kalli zafin da kake ji yadda yake, kada ka musanta shi, kada kuma ka bari ya haɗiye ka. Daga baya ita da Christopher Germer suka tsara horo na mako takwas, kuma akwai kwasa-kwasan intanet da suka ɗebo daga nan. Ba don masu in'ina aka fara tsara shi ba, daga baya ne masu aikin gyaran magana suka jawo shi ɓangarenmu.

Saboda haka Mai_Shiru, ba ka ga maganar sakin harshe ba ne don ba alkawarin da suka ɗauka ke nan ba.

Ɗan_Baiwa
Ni kalmar ce ma ta dame ni. In aka ce wane yana tausayin kansa, ai ba yabo ba ne. Mutum ne ya zauna ya rafka tagumi yana "wayyo ni".

Kalamu_Wahid
Sai ku ce jinƙan kai. Amma ku tabbata kun sa ƙugiyar ƙ ɗin, in ba haka ba jinƙai ya koma jin kai, mu tashi daga masu in'ina mu koma masu girman kai 😂

Bintalo
😂😂 Kalamu ba ka da dama.

Malam_Nazari
Dariya ce amma akwai magana a ciki. Abin da Ɗan_Baiwa ya kwatanta, na tagumi da "wayyo ni", shi ne ainihin abin da ƙafa ta biyu da ta uku suke yaƙa. Mai "wayyo ni" gani yake shi kaɗai ne a duniya, kuma ya nutse a ciki. Ni da za a bar ni, "sassauta wa kai" zan kira shi, ko "yi wa kai adalci".

Tsohon_Malami
'Ya'yana, ku ba dattijo wuri. Shekarata 61, na yi 30 a cikinsu ina koyarwa, kuma rabin abokan aikina har na yi ritaya ba su san ina in'ina ba. Kada ku ce madalla. Ku ji yadda aka yi.

Na zama gwanin sauya kalma. Ina magana, idon zuciyata yana can gaba yana leƙen kalmomin da ke tafe, in na hango mai farawa da "b" ko "k" sai in yi kwana in ɗauko wata. In babu wata, in yi tari, ko in yi kamar na manta, ko in juya ga allo in rubuta. Kiran sunayen ɗalibai kuwa, sai na ɗora wa shugaban aji, na ce horo nake ba shi. An taɓa ba ni muƙamin da ke buƙatar jawabi a gaban taro duk mako, na ce lafiyata ba za ta bari ba. Ƙarya nake. In na dawo gida da yamma, ji nake kamar na yi dako, alhali ba abin da na ɗauka sai kalmomi.

Sai da na tsufa na ci karo da misalin wani masani Ba'amurke, Joseph Sheehan, wanda shi ma mai in'ina ne. Ya kwatanta ta da tsibirin ƙanƙarar nan da ke yawo a teku: ɗan kan da ake gani a sama shi ne abin da mutane ke ji a bakinka, amma gangar jikin tana ƙarƙashin ruwa, wato kunya, da tsoro, da ɓoyo, da ganin laifin kai. Da na karanta sai na ce, ashe ni nawa duka a ƙarƙashin ruwa yake. Ban yi wannan horo na intanet ba, idona ma ba ya jure allon waya. Amma in ƙasan ruwan yake taɓawa, to da na same shi ina da shekara 34, Mai_Shiru, da ban tsaya tambaya ba.

Mai_Shiru
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar sauya kalma ta taɓa ni. Ni inda dabarar ke ƙare mini shi ne sunana, don shi ba shi da madadi. "Ya sunanka?" Sai in tsaya. Har an taɓa ce mini, "Ka manta sunanka ne?" aka yi dariya, ni ma na taya su.

Gaskiya_Ɗaci
To kun ji. Ga inda nake nufi, kuma ba da wasa na yi maganar farko ba. Wa ya yi laifi a labarin Mai_Shiru, shi ko masu dariyar? Amma wa ake turawa horo?

Na je ganawar neman aiki a wani kamfani shekara uku da suka wuce. Jarrabawar rubutu na fi kowa, su da bakinsu suka faɗa. Da aka zo ta baki, na maƙale a tambayar farko. Ɗaya daga cikinsu ya duba agogo. Ɗayar ta fara ƙarasa mini jimloli, kuma ba abin da nake son faɗa take ƙarasawa ba. Minti bakwai aka sallame ni. Aikin kuma na lissafi ne, ba na karanta labarai a rediyo ba. Yanzu a ce in ɗora hannu a ƙirji in ce wa kaina "sannu"? Sannun za ta ba ni albashi? Su ya kamata a tara a koya musu jiran daƙiƙa goma.

Ummu_Haidar
Yaya, ba wanda ya ce ba a zalunce ka ba. An zalunce ka. Amma in tambaye ka, don Allah kada ka ji haushi: bayan wannan ganawar, guda nawa ka sake zuwa?

Gaskiya_Ɗaci
Wannan kuma wata magana ce.

Ummu_Haidar
Ni bayan irin tawa, wata goma sha ɗaya ban sake neman ko'ina ba. Ba su suka hana ni ba, su sun manta da ni tun a ranar. Muryar da ke cikin kaina ce ta karɓi aikinsu ta ci gaba da yi musu kyauta.

Sarkin_Shakka
Ni ba ruwana da labarin zuciya, hujja nake so. An gwada abin nan a kan masu in'ina ko kuwa ji-ta-ji-ta ne?

Malam_Nazari
Tambaya mai kyau. Tausayin kai a kan jama'a gaba ɗaya an yi masa bincike da yawa, kuma ana yawan samun cewa masu shi sun fi ƙarancin damuwa da fargaba. A kan masu in'ina kuwa, aikin sabo ne, gwaje-gwajen farko ne a kan mutane kaɗan. Irin wannan yana nuna ko abu zai yiwu kuma ko ya cancanci a faɗaɗa bincike, ba ya zama hukunci. Ka kuma lura da abin da ake aunawa: ba yawan maƙalewa a minti ɗaya ba, yadda in'inar ke shafar rayuwar mutum ne. Akwai ma'aunin da Scott Yaruss da Robert Quesal suka fitar a 2006 mai suna OASES, yana tambayar yadda kake ji game da maganarka, wuraren da take yi maka wuya, da abin da ta rage maka na jin daɗin rayuwa. Mutum biyu za su iya yin in'ina iri ɗaya a kunne, ɗaya yana harkokinsa, ɗaya ya kulle kansa a ɗaki.

Wanda kuma yake son aiki a kan furucin kansa, wannan hanya ce daban kuma tana nan. Akwai tsarin Camperdown na Ostireliya, da ake koya wa manya magana da jan sauti a hankali har su saba. Akwai na Charles Van Riper, shi ma mai in'ina ne, wanda ke koya maka ka yi in'inar cikin sauƙi maimakon kokawa da ita, har da yin ta da gangan a gaban mutane don tsoron ya mutu. Ba a ce sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba.

Ɗan_Baiwa
Da gangan?? Malam, wadda ke zuwa da kanta ma ta ishe ni.

Hajiya_Kulu
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Jikana ne ɗan shekara huɗu ya fara "ba-ba-ba" wata uku ke nan. Uwarsa sai ta ce masa "tsaya, ja numfashi, sake faɗa". Wannan horon zai yi masa?

Tsohon_Malami
Hajiya, wannan na manya ne. Na yara daban yake, kuma su ana samun nasara sosai in an fara da wuri, ku nemi ƙwararren mai gyaran magana ya duba shi. Amma ki roƙi uwarsa ta bar "sake faɗa" ɗin nan. Da kyakkyawar niyya take yi, na sani. Ni abin da na koya daga irinta shi ne, yadda na faɗa ya fi abin da na faɗa muhimmanci. Ta saurare shi har ya gama, ta amsa masa abin da ya ce.

Hajiya_Kulu
Na gode Malam, zan gaya mata.

Zee_Zee
Bari in kawo nawa, don kada a ce kowa daɗi ya ji. Na fara, na bari a mako na uku. An ce in rubuta wa kaina wasiƙa kamar daga wani mai ƙaunata. Ina farawa sai abubuwan da na binne tun firamare suka taso: ranar da aka tsayar da ni in karanta sakin layi ɗaya, aji duka suna kwaikwayona, malamin yana murmushi. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ni kaɗai a ɗaki da waya, ba wanda zan ce wa ga abin da ke faruwa. Na rufe abin ban sake buɗewa ba.

Malam_Nazari
Sannu 'yar uwa. Masu tsara horon sun san da wannan, Germer yana kwatanta shi da ɗakin da wuta ke ci a rufe: ana buɗe ƙofa iska ta shiga, sai wutar ta yi tsalle. Shawararsu ita ce a rage gudu, a koma ga abu mai sauƙi, ba a danna da ƙarfi ba. Kuma wanda ke ɗauke da tsohon rauni mai nauyi, ko baƙin cikin da ya hana shi barci da harkokinsa, ya fi kyau ya yi tare da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Nan ne raunin yin abu kai kaɗai ta intanet yake.

Sarkin_Shakka
Akwai ma wani raunin da ba ku faɗa ba. Mu fa gwanayen ɓuya ne, Baba ya gama ba mu labari. Horon da za ka yi a ɗaki, ba ka buɗe baki ga kowa ba, ka danna "na gama" ka ji kamar ka yi wani abu, wannan ai aljannar mai gudun magana ce. Ni da nake sake ɗaukar saƙon murya sau goma sha ɗaya a WhatsApp kafin in tura, na san kaina.

Bintalo
Sha ɗaya kawai? Ni sai in goge in rubuta 🙈

Ummu_Haidar
Sarkin_Shakka, wannan gaskiya ce, kuma na faɗa ramin. Makonni huɗu na farko a kan gado na yi su. Abin bai fara aiki ba sai ranar da na ɗauke shi na kai wajen waya. Akwai ɗan gajeren abu da ake koyarwa, jimla uku: wannan lokacin wuya ne, ba ni kaɗai ke shan irinta ba, bari in sassauta wa kaina. Na kira wani ofis, na maƙale a gaisuwa, matar ta ce "ba na ji" ta kashe. Hannuna na rawa. Da can shi ke nan, sai in nemi wanda zai kira mini. Ranar na faɗi jimlolin nan uku, ina jin kamar wauta nake, na sake dannawa. Na ce mata, "Ina da in'ina, ki ɗan ba ni lokaci." Ta ce to. Na sake maƙalewa, ta jira.

Amma kada a raina intanet ɗin. Mutum nawa ne ke da ƙwararren in'ina a kusa da shi? Wani kuma ko yana da shi, kafin ya je sai ya kira waya ya nemi lokaci, wayar kuwa ita ce dodon.

Kalamu_Wahid
Ni duk lokacin da abin ya ishe ni, addu'ar Annabi Musa (AS) nake tunawa a Suratu Ɗaha, inda ya roƙi a warware ƙulli daga harshensa domin a fahimci maganarsa. A Suratul Ƙasas kuma ya ce ɗan uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. Bai ɓoye ba, ya nemi mataimaki, kuma shi ɗin dai aka aika wurin Fir'auna.

Gaskiya_Ɗaci
Ummu_Haidar, amsar tambayarki: ko ɗaya. Ban sake zuwa ba. Amma har yanzu ina kan bakana, mai duba agogon nan shi ya fi ni buƙatar kwas.

Tsohon_Malami
A kan wannan ba mu da saɓani, ɗana. Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya, tun 1998 ake yi. In ta zo ka rubuta labarin ganawar nan ka watsa, kada ka rage komai. Joe Biden da in'inarsa ya taso har ya mulki Amurka, amma ni ba na son a riƙa buga mana misali da irinsu kullum, kamar sai ka zama shugaban ƙasa kafin a jira ka gama magana.

Mai_Shiru
Na karanta duka, wasu sau biyu. Har yanzu ban tabbata ba, don maganar Sarkin_Shakka ta kama ni dumu-dumu, ni ma ɗan ɗaki ne. Amma jiya da daddare na gwada abin takardar nan na Ummu_Haidar, na sa sunan ƙanena. Layi huɗu na rubuta, na yaga.

Zan yi rajista. Zee_Zee, in na kai wajen wasiƙar zan bi a hankali, na gode da kika faɗa.

Gaskiya_Ɗaci
In ka gama ka dawo ka ba mu labari. Da saƙon murya, ɗauka ɗaya, ba gogewa.

Zee_Zee
Ummu_Haidar, naki akwai zama kai tsaye da mutane ko duk bidiyo ne? In akwai mai rukuni zan iya sake gwadawa, amma ni dai kyamarata a kashe.